Shinkafar Addu'ar Baba

Gwaggona ba ta taɓa yarda a kira abin da nake yi a lungun bayan ɗakina girki ba. Ƙanwar mahaifinmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun kafin mahaifiyarmu ta rasu ita ke riƙe da gidanmu na unguwar Zongo a Kumasi, daga makullin famfo har zuwa wanda zai share tsakar gida. A ganinta mace mai hankali ba za ta dafa shinkafa ta nuna, sannan ta bi ta da zafi da iska har ta koma tsakuwa ba. Duk lokacin da ta wuce ta ji fanka tana juyawa a lungun, sai ta ɗaga murya ta tambayi bango ko yau ma an fara azabtar da abinci. Ni kuma ba na barin ko ta kwana. Nakan ce wa bangon ya gaya mata ba a cikinta za a zuba ba.

Ba ma son juna, ni da ita, kuma babu wanda bai sani ba a gidan. Tun ranar da aurena ya mutu a Buokrom na kwaso tukwanena na dawo, na buɗe ɗakin mahaifiyata na fitar da tarkacen da ta jibge a ciki, ta ɗaura ɗamarar yaƙi da ni. Idan na yi shanya, igiyarta ce. Idan na hura gawayi, hayaƙin ɗakinta yake nufa. Ni ma ba waliyyiya ba ce, na san inda zan taɓa ta ji zafi, kuma ina taɓawa. Mahaifinmu, tsohon dillalin shanu wanda ƙafa ta zaunar da shi a zaure, idan ya ji mun fara sai ya ƙara wa rediyonsa murya.

Abu ɗaya ne muka yi tarayya a kansa, shi ne ƙanena, autan gidan. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na yi masa wanka na kai shi makaranta. Ya girma ya zama bakanike, abin da a nan muke cewa fita, a Magazin, unguwar makanikai, kuma aikinsa ba na zaman rumfa ba ne. Idan babbar motar katako ta lalace a cikin daji, can yamma wajen iyaka, su ake ɗauka a kai. Sukan kafa tanti a gefen motar, su sauke inji a kan laka, su zauna nan har sai ta tashi. Babu kasuwa, babu mai abinci, sau da yawa waya ma ba ta shiga. Inda motar da ta kai su ta tsaya, daga nan a ka suke ɗaukar kayan aiki su ƙarasa a ƙafa, don haka duk abin da zai shiga jakarsa sai an duba nauyinsa.

Abokan aikinsa garin rogo da sukari suke jiƙawa su sha, safe da rana, su wuce. Shi ba ya iyawa. Shekarun baya taifot ya huda masa hanji, aka yi masa tiyata aka yanke wani sashe, muka yi zaman asibiti har na manta kalar ɗakina. Da za a sallame mu likita ya ja mana kunne: gudawa da amai da wani zai yi kwana ɗaya ya miƙe, shi suna iya zuƙe shi kafin a kai shi inda za a sa masa ruwa. Garin rogo kuwa kumbura masa ciki yake yi. Wannan magana ita ce a raina duk lokacin da na ga ya ɗauko jakar daji.

Shi ne ya fara nuna mini a wayarsa yadda masu hawan duwatsu a wasu ƙasashe suke busar da dafaffiyar shinkafa, ta yi sakayau a jaka, idan sun isa su zuba mata tafasasshen ruwa ta dawo abinci. Ɗanyar shinkafa tana da nauyi, tana cin itace, tana cin lokaci, kuma a dajin damina wuta ma da kyar take kamawa. Na ce wannan ai aikina ne, tunda shinkafa nake sayarwa a bakin titi a Dichemso. Ya samo gangar jikin wani tsohon firji, ya jera masa ƙwayayen lantarki a ƙasa, ya ɗaura fanka, ya yi mini tirori na ragar waya, ya huda sama don tururi ya fita. Idan akwatin ya ɗauki zafi ba ka iya barin hannunka a ciki.

Wata nas da ke sayen abinci a wurina ita ta tsorata ni, kuma na gode mata. Ta ce shinkafa tana zuwa da wasu ƙwayoyin cuta tun daga gona, masu taurin rai, tafasa ba ta gamawa da su. Idan aka bar dafaffiya da ɗumi-ɗumi ta daɗe, sai su farka su zuba guba a ciki, kuma gubar ko an sake ɗumamawa tana nan. Ba lalle ta yi wari ba, ba lalle ta yi yauƙi ba. Na tuna sau nawa a gidajenmu ake cewa wane ya ci abinci bai karɓe shi ba, a ɗora wa sanyi ko sammu, alhali shinkafar jiya ce ta wuni a kula.

Daga nan na kafa wa kaina doka, ban kuma taɓa sassauta ta ba. Shinkafar auta sabuwa nake dafawa, fara sol, babu mai ko ɗigo, don mai ba ya bushewa, yana hana ruwa fita, kuma yana hamami idan ya kwana biyu. Kafin in sauke tukunya akwatin ya riga ya yi zafi. Ina tacewa sai in baza ta a kan raga siriri, ba tudu ba, tana tururi in tura ta ciki. Idan ta fara kamewa in murje curin da hannu. Ba na fitar da ita sai na ciji ƙwaya na ji ta ce ƙaras, babu danshi a tsakiya. Ta huce sarai, in zuba a leda mai kauri, kowane ƙulli cin mutum ɗaya, in matse iska in ɗaure. Shito, soyayyen yajin nan namu, a kwalbarsa daban, garin busasshen kifi daban. Shi kuma na ɗora masa nasa sharaɗin: ruwan ya tafasa sosai, ya rufe ta taushi, ya cinye a take, abin da ya rage kada ya ajiye wa anjima.

Wata rana na bar akwatin yana aiki na tafi Dichemso, aka ɗauke wuta a bayana. Na dawo na tarar da shinkafar a rufe, da laushinta, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, kuma babu wanda ya iya gaya mini tun yaushe. Na juye ta a kwandon shara. Gwaggo ta ga abin da idonta. Ta bi ɗakunan 'yan haya ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu cewa almubazzara ta dawo gida, ba banza ba miji ya gaji. Na bi bayanta na ce ita da ta zauna da nata mijin har ya mutu, kowa ya san da ciwon ciki ya tafi. Mun yi mako ba mu gaisa ba, abin da ya yi mana daɗi mu duka.

Auta yana daji mahaifinmu ya rasu. Tsakiyar damina ce. Da safe ya sha kokonsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo tasi ya cika. Muka yi ta kiran wayar auta ba ta shiga. Aka aika Magazin, mastansu ya ce sai an tashi mutum takanas, kuma ruwa ya cinye wata gada a hanyar. Gawa ba ta jira. Bayan la'asar aka kai shi, ɗansa namiji tilo bai sani ba, yana can ƙarƙashin mota da sufana a hannu.

Aka yi addu'a ba shi. Duk wanda ya san Zongo ya san ranar adua, kamar yadda muke faɗa a nan. An tare layi da rumfuna, 'yan kara abokan Baba sun kawo sa, dangi sun zo daga Tamale, daga Bawku, har daga ƙetaren iyaka. Tun asuba mata suka ɗora manyan tukwane a kan duwatsu. Shinkafa ce dafa-duka, mai ya ji, romon nama ya ji, ga kori ga kanumfari, ƙamshinta har bakin titi. Ana saukewa ana loda ta a manyan kuloli, a danne murfi, don duk wanda ya zo ko da yamma ne ya same ta da ɗumi. Haka ake yi, ni ma haka na taso na gani, kuma da hannuna na cika wasu. Na ci, na yi kuka, na sake ci.

Washegari da hantsi ina wanke tukwane sai ga Gwaggo a kaina. Rabon da ta zo lunguna da ƙafarta har na manta. Wasu 'yan mata biyu na biye da ita suna rinjayar kula ɗaya, babba, shuɗiya. Ta ce a ajiye a gaban akwatin. Ta ce wannan rabon auta ne, ita ta ware shi tun daga tukunyar farko, ta hana kowa taɓawa. Tunda na iya mayar da shinkafa tsakuwa, to yau ga ranar amfanin abin, in busar masa ya zo ya ci albarkar addu'ar ubansa.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta taɓa ni. Cikin duk hayaniyar nan ita kaɗai ta tuna da cikinsa. Amma na buɗe kular na sa bayan hannuna. Tukunyar farko, wato tun safiyar jiya, ta wuni a rufe, ta kwana a rufe, ga ta har yanzu da ɗan ɗumi, mai yana ƙyalli a kanta. Duk abin da nas ta ce a guje wa, ga shi an tara a wuri ɗaya an danne da murfi. Na rufe na ce ba za ta shiga akwatina ba.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, Allah ya sani, ko da yake muryata ba ta iya laushi idan da ita nake magana. Na ce wannan ta riga ta wuce, busarwa ba ta cire guba. Na ce in dai rabon auta ne, ga ragowar ɗanyar shinkafar addu'a a buhu, daga cikin wadda aka yi sadaka da ita, bari in dafa sabuwa yanzu in busar masa. Ta ce ɗanya ba ta ji karatu ba. Wannan ce tana kan wuta malamai suna sauke Alƙur'ani, wannan ce jama'a suka ci suka shafa.

"Abincin da aka karanta wa Alƙur'ani kike kira guba?" in ji ta, a hankali, don matan da ke tsakar gida su matso su ji.

"Ban kira karatu guba ba, Gwaggo. Shinkafa ce ta kwana a kula."

"Ubanki bai yi kwana nawa a ƙasa ba, har kin fara ƙyamar abincinsa."

Daga nan babu sauran magana. Matan suka dube ni yadda ake duban wadda ta shiga masallaci da takalmi. Wata ƙanwar kakarmu da ta zo daga arewa ta ce su da suka girma da ƙanzo ba su mutu ba. Na ce ƙanzo a gindin tukunya yake bushewa, a kan wuta, ba a kula ba, amma babu mai saurarena. Gwaggo ta sa aka ɗauke kular. Ta ce kafin a haifi firji akwai rana.

Ta sa aka hau da farantai kan rufin kwanon kicin, aka baza shinkafar, ta lulluɓe da tsohon labule saboda ƙuda. Ranar damina a Kumasi kuwa kowa ya san ta, ta leƙo ta koma. Hadari ya taso a sauke farantan a guje a tura ƙarƙashin gadonta, ya wuce a mayar. Shinkafar ta sha iska mai laima, ta sha ɗumin ɗaki, ta sake shan rana rabi-rabi. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Ina zaune ina kallo. Da na ce wani abu sai ta ce hassada ce, don ta yi abin da nake taƙama da shi ba tare da ƙona lantarkin gida ba. A ƙarshe saman ya bushe ya yi ƙarau, ta murje, ta zuba a wata jakar atamfa ta ɗaure bakin.

Ni ma ban zauna ba. Na ɗebi ɗanyar da ta rage a buhun addu'a, na dafa ta fara, na tsaya a kan akwatin ban je Dichemso ba har ta bushe yadda nake so. Na ƙulla, na jera a kwali, na jira.

Auta ya dawo da rana tsaka, da laka har gwiwa. Ɗan aiken bai same su ba. Kayan gyara ya zo saye a Magazin, a can wani ya tare shi da gaisuwar da bai san dalilinta ba. Ya shigo zaure ya ga tabarmar Baba a naɗe an jingine ta. Bai yi kuka a gabanmu ba, ya tsaya kawai yana kallon wurin, jakarsa a kafaɗa. Maza suka raka shi maƙabarta. Da ya dawo ya ce ba zai iya zama ba, ya bar mutane a daji da inji a warwatse, gobe da hantsi zai koma.

Da yamma Gwaggo ta kira shi ɗakinta, ta bar ƙofa a buɗe don in ji. Ta ba shi labarin addu'ar, wa ya zo, wa ya yi wa'azi, sa nawa aka yanka. Sannan ta ɗora masa jakar atamfar a cinya. Ta ce ba ta bari an cinye ba shi ba, duk da akwai wadda ta so a zubar. A nan ne ya yi kukan. Na ji shi ta bango, irin kukan da rabona da jinsa tun yana yaro. Ya fito rungume da jakar, ya buɗe jakar dajinsa ya sa ta a can ƙasa.

Na same shi a lungu yana wanke takalmi. Na gaya masa komai, tun daga kular har rufin kwano. Na tuna masa tiyata, na tuna masa abin da likita ya ce, na tuna masa gadar da ruwa ya cinye. Na nuna masa kwalina, na ce daga buhu ɗaya suka fito. Ya saurara har na gama, don shi ba mai katse mutum ba ne. Ya ce ya san dokata, shi ya haɗa akwatin, bai manta ba. Zai ɗauki tawa ita ma. Amma ta Gwaggo zai ci, ko sau ɗaya, zai tafasa ruwan sosai. Na ce tafasa ba ta yi mata komai, ya fi kowa sani. Ya ce, "Yaya, bar shi haka. Abin da Allah ya rubuta." Na ji kamar in kwaɗa masa takalmin a ka.

Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi, da ita, har da Baba da ya tafi ya bar ni da su. Gwaggo ba za ta je dajin ba. Ba ita za ta riƙe shi yana amai a ƙarƙashin tanti ba, ba ita za ta nemi mota a inda babu hanya ba. Ta ɗauki ƙaunar da yake yi wa ubansa ta ɗaure a jakar atamfa, kuma tana jin daɗi don ta ci ni da yaƙi a gaban mutane.

Da safe ya tafi Magazin karɓo kayan gyaran, ya bar jakarsa a zaure a shirye. Can na ji ƙahon aboboya, keken nan mai ƙafa uku da ke bi layi-layi yana kwasar shara zuwa bola. Ban yi a ɓoye ba, kuma ina so a san haka. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, baƙin da ba su tafi ba suna karyawa a tsakar gida. Na buɗe jakarsa a gabansu, na zaro ta atamfar. Na kwance bakin na duba. Abin haushi, kyakkyawa ce, ja-ja, tana ƙamshin kori da kanumfari, ƙamshin ranar addu'a sak. Da a ce tana wari da na sami abin nunawa. Na fita da ita, na juye a cikin sharar da ke bayan keken, a kan ɓawon ayaba da tokar wasu, na tsaya har ya sha kwana. Na dawo na ninke atamfar na ajiye wa Gwaggo a gabanta.

Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta dubi atamfar, ta dube ni, ta ce wa matan su zama shaida, abincin addu'ar ɗan'uwanta ya tafi bola. Wata ta fara salati. Ƙanwar kakarmu ta tofar da abin da ke bakinta ta ture kwanon. Na wuce ta tsakiyarsu na ɗauko ƙullikana, na jera su a jakar auta, na sa shito da garin kifi, na zuge. 

Da ya dawo tun a ƙofar gida aka tare shi da labari. Ya shigo ya durƙusa a gaban jakar, ya buɗe, ya duba har ƙasa. Sai ya fara fito da ƙullikana ɗaya-ɗaya yana ajiyewa a kan siminti, a hankali, kamar masu fashewa. Ya fito da kwalbar shiton ma.

"Yaya, ke kina nan aka fita da Baba," in ji shi, bai ɗago ba. "Kin ga fuskarsa. Kin ci abincinsa da zafinsa. Ni loma ɗaya aka ajiye mini."

Na ce na gwammace ya dawo yana gaba da ni a kan a kawo mini shi a bayan motar katako. Na ce ya zage ni in yana so, amma ya mayar da shinkafar jaka, don cikinsa bai san fushi ba. Bai zage ni ba. Ya aiki wata yarinya ta sayo masa gari da sukari da biredi a shagon bakin layi, ya cusa a jaka, ya shiga ya yi wa Gwaggo sallama, ya fita ta gabana.

Kwanakin da ya yi a dajin nan ban san me na sayar a Dichemso ba. Na hana shi abin da zai kashe shi, na tura shi da abin da ke kumbura masa ciki, kuma a gida babu mai amsa gaisuwata sai 'yan haya. Gwaggo ta daina yi wa bango magana, ta daina ganina gaba ɗaya. Da ta ci gaba da zagin da ya fi mini sauƙi, don zagi na san yadda ake rama shi.

Ya dawo a rame, amma da ƙafarsa. Babu wanda ya ci shinkafar nan, saboda haka babu wanda ta kwantar, kuma har abada ba ni da hujjar da zan nuna wa kowa. A bakin mutanen gidanmu lafiyayyen abinci na zubar don ƙiyayyar gwaggona. Wani lokaci har nakan ji wani mugun tunani, da ma na bar wata daga cikin masu salatin ta ɗanɗana. Ina istigfari, amma tunanin yana zuwa. Idan aka sake ɗora mini wannan jaka yau, bola za ta sake tafiya.

Ranar addu'ar arba'in Gwaggo ta raba aiki tun da sassafe. Wannan ta ba ta yankan albasa, waccan wankin nama, har matar ɗan haya da ba ta iya hura wuta ba ta sami tukunya. Ni da nake ciyar da rabin titi a Dichemso ba a kira ni ba. Na ɗauko ludayina na matso, aka ce hannu ya isa. Na koma bakin ƙofata na zauna, a addu'ar ubana, kamar wadda ta zo kallo.

Da aka sauke tukunyar farko Gwaggo da kanta ta zuba a kwano, tana tururi, ta kai wa auta. Ya zauna a kan benci a tsakar gida, ya ba ni baya. Daga wuta zuwa kwano, babu abin da zan ce a kanta. Ina kallon ƙeyarsa da kunnuwansa suna motsi yana tauna, yana ci a hankali, yana tsayawa yana share ido da bayan hannu. Ya cinye tas, ta ƙara masa, ya sake cinyewa. Na zauna ina kallonsa har ya wanke hannu ya tashi, bai juyo ba.